Inji Mai Tari Bayan Bugu Bakwai

Shekara biyu da wata uku ke nan da Magna ta hana Eilif taka ƙofar gidanta. A harabar coci ta faɗa masa, ranar da aka yi wa ɗanta Arnt addu'ar jana'iza ba gawa, a gaban duk mutanen Skarvika. Eilif ne kaɗai ke tare da Arnt a jirgi safiyar da igiyar mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ta naɗe masa ƙafa ta ja shi cikin teku. 'Yan sanda sun yi bincike, sun ce ba laifin kowa ba ne. Magna ta ce ita ba 'yan sanda ta haifa ba, Arnt ta haifa.

A wannan harabar ta sa Eilif ya yi mata alkawari ɗaya: ba zai ƙara tayar da injin Havella ba, jirgin da suke kamun kifi da shi su biyu. Ya yi alkawarin. Aka ja jirgin aka ɗaure shi a wani lungun ruwa bayan tsibiri, inda ba ta hango shi daga tagarta.

Runa, matar marigayin, tana zaune a saman benen gidan Magna tare da 'yarta Tuva. Tun watan Fabrairu take son Eilif, ko kuma tun watan Fabrairu ta yarda ta faɗa wa kanta gaskiya. A bayan kamfanin kifin da take aiki suke haɗuwa lokacin hutun shan kofi, minti goma sha biyar, ita da hular aiki a ka, shi yana warin baƙin man garejin da yake gyaran inji. A ƙauye mai mutum ɗari uku da tara wannan ba sirri ba ne. Abin da ya rage kawai shi ne ba a sami mai ƙarfin halin kai wa Magna labari ba.

Sai kuma Tuva ta daina barci.

A ƙarshen Mayu abin ya fara, satin da rana ta daina faɗuwa, kamar yadda take yi kowace bazara a can ƙarshen arewacin duniya. Bara yarinyar ba ta damu ba. Bana tana da shekara uku, tana da baki. Runa ta rataya baƙin labule, ta liƙe gefen taga da kwali. Duk da haka Tuva takan kwanta ƙarfe bakwai ta yi ta juyi har sha ɗaya, ta tashi uku da rabi ta ce a ba ta burodi da cuku. A makarantar reno ta ciji yara biyu cikin sati guda. Runa kuwa ta yanke yatsa da wuƙar feɗe kifi, ɗinki huɗu. Shugaban sashe ya ce in ta sake gyangyaɗi a kan tebur zai mayar da ita wajen wanke akwatuna.

Nas ɗin asibitin yara ta miƙo mata takardu biyu.

"Hanya biyu ce," in ji ta. "Ko agogon da ke koya wa yaro lokacin kwanciya da na tashi, ko na'urar da ke yin ƙara iri ɗaya har barci ya ɗauke shi. Ki zaɓi ɗaya ki riƙe sati uku. Ban da yau wannan gobe wancan. Yaro ba ya son uwa mai zuciya biyu."

Runa ta ajiye takardun a kan teburin kicin. Kuskurenta ke nan, domin Magna tana karanta duk abin da aka ajiye a kan tebur.

Ranar Lahadi sai ga Sindre da kwali a hammata.

Sindre ɗan ƙanwar Magna ne, malamin lissafi a makarantar tsibirin. Shekararsa talatin da takwas, bai taɓa aure ba, kuma bai taɓa hawa jirgin kamun kifi ya sauka bai yi amai ba. Wannan na ƙarshen shi ne abin da Magna ta fi so a halayensa.

Bayan an ci dafaffen kifi da dankali, ya share gilashinsa ya buɗe kwalin. Agogo ne mai siffar tumkiya, fari, da kunnuwa na roba.

"Kwana uku na yi ina karanta abin da iyaye suka rubuta a kansa," in ji shi. "Takwas cikin goma sun yaba."

"Sauran biyun fa?" in ji Runa.

"Ba su bi ƙa'ida ba."

"Kin ji ko?" in ji Magna. "Ƙa'ida. Ƙara masa miya, Runa, kina kallon mutum kamar ya zo karɓar haraji."

Suka hau sama su huɗu. Sindre ya durƙusa a gaban gadon Tuva, ya saita agogon da yatsa ɗaya a hankali.

"Tuva, kalli nan. In tumkiya ta rufe ido, ga wata ga taurari, dare ya yi, sai kwanciya. In ta buɗe ido, rana ta fito, sai ki tashi ki kira Mama. Kin gane?"

Tuva ta kalli tumkiyar da idonta a rufe. Ta sauka daga gado, ta je ta ɗaga gefen labule, ta ɓamɓare kwalin. Ƙarfe bakwai da rabi na yamma ne. Rana tana zaune a kan dutse kamar an kafe ta da ƙusa.

"Ƙarya take yi," in ji Tuva.

"Wa?"

"Tumkiya. Ga rana can."

Sindre ya yi 'yar dariya ya gyara gilashi.

"Za ta saba. Yaro tsari yake so." Ya ɗaga kai ya dubi Runa. "Ba ma yaro kaɗai ba."

Da ya tafi, suna wanke kwanuka, Magna ta yi magana ba ta juyo ba.

"Mutumin kirki ne. Ƙarfe huɗu yana gida kullum. Ba ranar da za ki tsaya a taga kina jiransa."

"Magna, agogo ya kawo, ba zobe ba."

"Zoben yana aljihunsa tun bikin Ista. Ni na raka shi ya saya."

Runa ta ci gaba da goge faranti ɗaya har ya fara ƙara.

Kwana biyar aka yi da tumkiya. Ranar farko Tuva ta juya ta ta fuskanci bango. Rana ta uku ta sa mata safa a ka. Rana ta biyar Runa ta tsinto ta a kwandon wanki, idonta a rufe, tana nuna wata da taurari ga ƙazaman riguna.

Ranar Juma'a, lokacin hutun kofi, Eilif yana jingine da bangon kamfani a inda ya saba. Dogo ne, mai jan gemu, ba ya kallon mutum a ido tun bayan abin da ya faru. Ya dubi yatsanta mai bandeji, ya dubi ƙasan idonta.

"Kin yi kama da kifin da ya kwana uku a rana."

"Na gode. Kai ma ka yi kyau."

"Na ji an ce malam ya kawo tumkiya."

"Har wurinku labarin ya kai?"

"A garejin ba mu da wata hira. Wai ta ci jarrabawa?"

"Tana kwandon wanki."

Ya sa hannu a aljihun rigar aikinsa ya ciro wani abu zagayayye, toka-toka, bai fi ƙoƙon shan kofi ba.

"Na'urar da nas ta ce. Tana da ƙara iri ashirin, ruwan sama, iska, injin wanki, duk shirme. Amma ana iya naɗar sauti a ciki. Danna na ƙarshen."

Ta danna.

Dum. Dum. Dum. Dum. Dum. Dum. Dum. Sai tari, ɗan gajere, kamar tsoho yana gyaran murya. Sai kuma dum, dum, dum.

Kofin takardar da ke hannunta ya faɗi.

A Skarvika ba a duban agogo kafin a ɗora tukunya, inji ake saurare. Kowace mace ta san ƙarar jirgin mijinta tun yana bayan tsauni, kamar yadda ta san takunsa a bene. Injin Havella mai silinda ɗaya ne, ya girmi Arnt, na mahaifinsa ne. Bugu bakwai yake yi ya yi tari. Makanikai uku sun buɗe shi sun rufe ba su gano dalili ba.

"Ka tayar da shi," in ji ta.

"Minti arba'in. A bayan tsibiri, iska tana kaɗawa waje. Ba wanda ya ji."

"Ka yi alkawari a gaban coci, Eilif."

"Na yi wa Magna alkawari. Ban yi alkawarin in zuba ido yarinya ta haukace uwarta ta gutsure hannu ba." Ya sunkuyar da kai. "Kin manta? Da cikinta kika yi ta sa wa ƙugiya abinci a jirgin nan har wata bakwai. Bazararta ta farko a ɗakin tuƙi take barci, cikin akwatin kifi, a kan rigar sanyin Arnt. Da an kashe inji sai ta farka ta cika teku da ihu. Me Arnt yake cewa?"

"Wai 'yar nan dizal take sha, ba nono ba."

Ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta goge ido da bayan hannu mai ƙarnin kifi.

"In Magna ta ji wannan, ka gama a garin nan."

"Na daɗe da gamawa a garin nan. Ki rage masa murya kawai."

Da yammar nan Runa ta sa na'urar ƙarƙashin matashin Tuva ta danna na ƙarshen. Yarinyar ta yi tsit. Ta buɗe baki za ta yi tambaya, ba ta yi ba. Da barci ya ɗauke yarinyar, Runa ta duba wayarta: minti goma sha ɗaya. Tuva ba ta motsa ba sai shida da kwata na safe.

Kwana takwas aka yi haka. Runa ta ciro tumkiya daga kwando ta ɗora ta a kan teburin ɗakin Tuva inda duk mai leƙowa zai gani. Da safe takan ɓoye na'urar cikin takalmin sanyi. Cizo ya tsaya a makaranta. Magna ta gasa wa Sindre kek mai kirim ta aika masa har aji, ta tsaya a kanti tana gaya wa mata cewa ilimi dai ilimi ne.

Ranar Asabar aka tashi da zafi, digiri ashirin da huɗu, wanda a Skarvika zafi ne sosai. Da azahar Runa ta kwantar da Tuva barcin rana, ta buɗe taga don iska ta shiga, ta koma kicin. Ba ta san yarinyar ta gano maɓallin ƙara murya ba.

Ta tagar kicin ta ga abin da ya biyo baya.

Magna tana shanya a tsakar gida, daidai ƙarƙashin tagar Tuva. Ta tsaya da zanen gado a hannu. Ta karkata kai. Leɓɓanta suna motsi, kuma Runa ta gane ƙirga take yi. A na bakwai zanen ya faɗi a ciyawa.

Shekararta sittin da takwas, da ƙarfen da likita ya sa mata a ƙugu. Ta fita da gudu da silifas ɗin ɗaki. Ɗaya ya cire a bakin ƙofa ba ta waiwaya ba. Ta gangara hanyar matsayar jirage, ta wuce kanti, ta wuce mutane huɗu da ke zaune a benci suna shan askirim.

"Arnt! Ga Arnt nan! Ku kama masa igiya!"

Ba wanda ya tashi. Ta kai ƙarshen gadar katako ta sa hannu a goshi tana duban mashigar ruwa. Ba komai sai tsuntsaye. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juyo.

Runa tana iya zuwa ta kashe na'urar. Taku goma ne. Ba ta je ba. Ta tsaya tana kallon surukarta tana hawowa a hankali, ƙafa ɗaya ba takalmi, kuma duk takun da ta yi zuwa gida ƙarar tana ƙaruwa a kunnenta.

Magna ta hau bene ba ta riƙe ƙarfen gefe ba. Ta shiga ɗakin Tuva, ta zare abin daga ƙarƙashin matashi, ta juya shi sau biyu kafin ta sami wurin kashewa. Ta fito ta ja ƙofar a hankali. Ko a wannan hali ba ta so ta tashi yarinyar.

"Wa ya ba ki?"

"Magna, zauna tukuna, ƙafarki tana jini."

"Na ce wa ya ba ki."

"Eilif."

"Tsohon sauti ne? Na lokacin Arnt?"

Runa ta ga ƙofar da aka buɗe mata. Da ta ce e, da maganar ta mutu a nan.

"A'a. Satin da ya wuce ya naɗa."

Magna ta zauna a kan matakalar bene. Hawaye suna zuba amma muryarta ba ta rawa.

"Shekara arba'in da ɗaya ina jin injin nan. Da shi na san ubansa ya dawo, da shi na san shi ya dawo. Ranar da abin ya faru ma na ji shi. Na ɗora kofi, Runa. Na yanka burodi. Na ce yau sun dawo da wuri, kifi ya yi albarka. Inji ya shigo yana tarinsa kamar kullum, kuma mutum ɗaya ne a ciki. Shi ya sa na ce kada a sake tayar da shi. Ba don mugunta ba. Don wannan injin ya taɓa yi mini ƙarya sau ɗaya."

"Don Tuva ya yi. Ta yi sati uku ba barci. Kin gani da idonki."

"Na ga tumkiya a kan tebur. Na gasa kek. Na tsaya a kanti ina yabon Sindre, ku kuna sama kuna yi mini dariya."

"Ba wanda ya yi miki dariya."

"Yau an yi. Mutum huɗu a benci." Ta ɗaga kai. "Tun yaushe?"

"Kwana takwas."

"Ba na'ura nake tambaya ba."

Runa ta ce, "Tun Fabrairu."

"Duk mazan duniya. Jirgin fito yana kawo maza sau biyu a rana. Sai wanda ya riƙe sitiyari ɗana yana nutsewa."

"Ya faɗa ruwan ya bi shi, Magna. A watan Maris. Kin san haka. Sanyin ruwan ya kashe masa yatsun ƙafa biyu, aka yanke."

"Ya fito ai."

"To ya mutu ne kike so?"

"Ina so a ce shi ne bai fito ba. Ga shi na faɗa. Ki kai wa fasto."

Runa ta durƙusa a matakalar ƙasa da tata, tana kuka a fili yanzu.

"Ni ma na rasa Arnt. Shekarata talatin da ɗaya. Kullum na buɗe ido hotonsa, na sauko ƙasa kofinsa, na fita waje uwarsa. Eilif ne kaɗai mutumin da nake iya ambaton Arnt a gabansa mu yi dariya. Me kike so in yi?"

"Ki auri Sindre. Ko kar ki auri kowa. Ni ban ce dole ba." Magna ta share fuska da gefen rigarta. "Ba zan iya hana ki komai ba, yarinya, doka tana bayanki. 'Yarki ce. Amma mutumin nan ba zai shigo gidan nan ba ina da rai, kuma in kika bi shi da Tuva, ki sani kin sake binne mini Arnt. Wannan karon ma ba gawa."

Ta miƙe da na'urar a hannu.

"Wannan kuwa teku za shi. Ya je ya sami mai shi."

Kafin Litinin labari ya gama gari. A gareji aka daina kawo wa Eilif gyara. Tsofaffin masunta, waɗanda suka tsaya masa lokacin binciken 'yan sanda, suka daina amsa gaisuwarsa. Hatsari na kowa ne, in ji su, amma alkawarin harabar coci na mutum ɗaya ne.

Tuva ta koma gidan jiya. Ƙarfe bakwai takan fara: "Ina dum-dum?" Sindre yana zuwa kullum da yamma da takarda mai layi-layi da taurarin liƙawa, tauraro ɗaya ga kowane daren da aka bi tumkiya. Har Laraba takardar fara ce fat. Bai yi fushi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi komai gajiyar da Runa.

"Na san ba ni kike so ba," ya ce mata a bakin ƙofa yana ɗaure takalmi. "Na iya lissafi. Amma ni ina nan, kuma gobe ma ina nan. Wasu matan da haka suka fara."

Ranar Alhamis Eilif yana bayan kamfani, ba rigar aiki a jikinsa.

"Na sami aiki a wani jirgi a garin Båtsfjord," in ji shi. "Da ɗaki biyu a saman wani kanti. Akwai makarantar reno, na tambaya. Gobe, jirgin fito na ƙarfe huɗu."

"Gobe?"

"In na ƙara sati a nan sai na fara yarda da abin da suke faɗa."

"Ta jefa na'urar a teku."

"Sautin yana wayata. Zan sayi wata. Zan sayi goma." A karo na farko cikin shekara biyu ya dube ta a ido. "Ba zan roƙe ki sau biyu ba, Runa. Ba don ba na so ba, fuskar yin haka ce ba ni da ita. Ki ɗauko ta ki ɗauko jaka ɗaya. Sauran a bar wa tumkiya."

"In na tafi na kashe tsohuwar nan."

"In kin zauna fa?"

Ƙararrawar komawa aiki ta kaɗa. Ta juya ta koma ciki.

Ranar Juma'a ta gaya wa shugaban sashe yatsanta yana zogi, ta fita biyu da rabi. Jakar tana ɓoye a akwatin kayanta na kamfani tun safe: kayan Tuva, takardun haihuwa, rigar sanyin Arnt. Ta nufi makarantar reno.

"Ai kakarta ta ɗauke ta tun sha biyu," in ji malamar. "Ta sake cizo. Mun kira wayarki ba ki ɗauka ba."

Uku da kwata ta isa gida. Ta cire takalmi a zaure. Ba kowa a kicin. Kofi biyu a kan tebur, ɗaya na Magna, ɗaya wanda ba a taɓa shi ba shekara biyu, an wanke shi an cika shi, ya huce.

Sai ta ji.

Ƙasa-ƙasa, daga ƙarshen baranda, daga ɗakin Magna. Ta ƙirga ba da son ranta ba. Bakwai, sai tari.

Ta tura ƙofar kaɗan.

An ja labule. Na'urar tana kan teburin gefen gado, kusa da kwalbar maganin barcin da likita ke rubuta wa Magna tun bayan jana'iza. Magna tana kwance da kayanta, ƙafar mai bandeji a kan matashi, bakinta a ɗan buɗe. Runa ta zauna gidan nan shekara shida ba ta taɓa ganin matar nan tana barci da rana ba. Hannunta ɗaya ya zagaye Tuva, yatsun sun damƙe rigar yarinyar ta baya.

Ba a jefa komai a teku ba. Kwana shida Tuva tana kuka a sama, abin yana ƙasa.

Runa ta duba waya. Uku da minti ashirin da biyu. Daga nan zuwa matsaya minti goma ne da yaro a hannu. Abin da ake bukata kaɗan ne: ta ɓamɓare yatsu biyar daga rigar, ta ɗaga yarinyar, ta fita. Na'urar ma sai ta bar mata.

Ta ajiye jaka ta shiga a kan yatsun ƙafa. Ta sunkuya. Ta kama ɗan yatsan Magna na farko ta ɗaga, ya saki. Na biyu ya saki.

Tuva ta buɗe ido. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗora yatsa a leɓe kamar yadda ake yi musu a makaranta.

"Mama, yi shiru," ta ce da raɗa. "Kaka ta ce Baba yana hanya. In muka tashi ba zai same mu ba."

Ta mayar da kai ƙirjin kakarta ta rufe ido. Yatsun nan biyu suka koma inda suke, suka damƙe.

Runa ta zauna a ƙasa ta jingina da gado. Wayarta ta yi haske da sunan Eilif sau ɗaya huɗu saura kwata, ta sake yi huɗu saura biyar. Ta kifa ta a kan kafet.

Ƙarfe huɗu daidai jirgin fito ya busa ƙaho. A ɗakin ba wanda ya motsa. Injin ya buga bakwai, ya yi tari, ya ci gaba.